Shawarar aiki ga ɗalibai, daga ofishinmu na Samaru

Ofishinmu ɗan ƙarami ne a Samaru, kusa da Jami'ar Ahmadu Bello. Sana'armu ba ɗalibai shawara kan karatu da aikin da za su nema. A da tambayar ba ta wuce wane kwas za a cike a fom ɗin JAMB, ko ina za a kai takardu bayan bautar ƙasa. Kullen korona na 2020 da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na wata takwas a 2022 suka sauya mana aiki. Yara sun zauna gida da waya a hannu, sun ga ana yi wa kamfanin Legas ko Landan aiki daga cikin ɗaki a Tudun Wada.

To sai dai shi ma aiki daga gida yana da nasa ladabin, kuma nan ne muka fi ƙwarewa. Ina zaunar da ɗalibi a ɗaki ɗaya, ni ina wani, mu yi gwajin intabiyu ta Zoom. In duba ko hasken taga na kan fuskarsa, ko ya jingina wayar daidai da idonsa, ko ƙarar babura na cinye maganarsa. Mu tsara abin da zai yi in an ɗauke wuta ana tsakiyar taro. Mu lissafa bambancin lokaci: ƙarfe 9 na safe a gabashin Amurka, lokacin hunturunsu, ƙarfe 3 ne a Zariya, ga La'asar ta kusa. Ina koya musu su faɗi lokutan salla da Juma'a tun ranar farko, a rubuce, cikin mutunci.

Sauraro na koya wajen malaminmu na shawara a sakandare, Allah ya jiƙansa. Yakan bar yaro ya zazzage cikinsa kaf kafin ya ce uffan. Haka nake yi har gobe, ko ta waya ce.

Abin da ke ci mini rai shi ne masu sayar da horon bogi a WhatsApp. Su kwafe takardunmu, su yi wa yaro alkawarin daloli cikin mako guda, su karɓe kuɗin makarantarsa. Yaron da ko saƙon imel bai iya tsarawa ba! Sai ya dawo wajenmu jiki a sanyaye, mahaifinsa kuma yana cewa, "Malam, a rage mana kuɗin shawarar, ai magana ce kawai."

'Yan mata da matan aure na cikin birni da fita ke musu wuya, muna zama da su ta waya, kuma abokiyar aikina ce ke kula da su.