Sunan wa ke kan maƙalar?

Aikina a wata ƙaramar mujallar jami'a shi ne karɓar maƙaloli, tura su ga masu bita, da bin marubuta su yi gyara. Mutane suna ɗauka satar rubutu ce babbar matsalarmu. Akwai ta, amma ita ce mafi sauƙin kamawa: a zuba rubutun a manhajar Turnitin, nan da nan ya nuna inda aka kwaso shi. Abin da ya fi ba ni wahala, wanda kuma babu na'urar da ke gano shi, shi ne jerin sunayen da ke ƙarƙashin kan maƙalar.

Maƙala za ta iso da suna biyu. Da zarar masu bita sun amince, sai saƙo ya biyo baya: "Don Allah a ƙara sunan Farfesa wane da Dakta wance." In ka tambayi me suka yi a aikin, sai a ce "ai shi ne shugaban sashe", ko "ita ta biya kuɗin bugawa". Wani lokaci musaya ce kawai tsakanin abokai, sa ni a taka in sa ka a tawa. Shi kuwa ɗalibin da ya sha rana yana bin ƙauyuka da takardun tambayoyi, sunansa ne zai koma can ƙarshe, in ma ba a mayar da shi sashen godiya ba.

Ƙa'idar ba a ɓoye take ba. Kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, ICMJE, ya gindaya sharuɗɗa huɗu kafin a kira mutum marubuci: ya sa hannu sosai wajen tsara binciken ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya rubuta ko ya yi wa rubutun gyara mai zurfi, ya amince da abin da za a buga, sannan ya yarda ya ɗauki alhakin aikin in tambaya ta taso. Samo kuɗi ko shugabancin sashe kaɗai bai isa ba. Sharaɗi na huɗu a 2013 aka ƙara shi, kuma a ganina shi ne ya fi sauran nauyi.

Ana manta cewa suna a kan maƙala tamkar tsaya wa mutum ne a wajen bashi: ranar da ya gudu, kai za a kama. A 2005 mujallar Science ta buga aikin Hwang Woo-suk na Koriya ta Kudu kan ƙwayoyin halitta, da Gerald Schatten na Jami'ar Pittsburgh a matsayin babban marubuci. Da aka gano bayanan ƙagaggu ne, Schatten ya nemi a cire sunansa. Kwamitin jami'arsa bai same shi da laifin ƙaga bayanai ba, amma ya zarge shi da karɓar wannan matsayi ba tare da ya tabbatar da ingancin abin da ya sa wa suna ba. A farkon 2006 aka janye maƙalar. Haka maƙalar Andrew Wakefield ta 1998 a The Lancet, wadda ta jefa iyaye cikin tsoron rigakafin ƙyanda: mutum 13 ne a kanta, goma daga ciki suka nesanta kansu da fassarar sakamakon a 2004, mujallar kuma ba ta janye ta gaba ɗaya ba sai 2010.

Ba na ɗora laifin duka a kan malamai. Muddin kwamitin ƙarin girma ƙirga maƙaloli yake yi ba karanta su ba, mutane za su nemi hanyar cika adadi. Wannan yunwar ce ke ciyar da mujallun ci-da-ceto, masu karɓar kuɗi su buga komai. A 2013 wani ɗan jarida, John Bohannon, ya tura maƙalar bogi mai kurakurai bayyanannu ga mujallu 304, sai 157 suka karɓa.

Sai dai a wajenmu akwai wani abu da dokokin da aka rubuta a Turai ba su lissafa da shi ba: kunya. Yaya ƙaramin malami zai dubi wanda ya duba masa kundin digiri, wanda kuma gobe zai zauna a kan takardun ƙarin girmansa, ya ce "Ranka ya daɗe, ba ka cancanci shiga ba"? Ba zai iya ba, kuma zalunci ne a ce sai ya iya.

Shi ya sa muka ɗauke masa nauyin. Yanzu tun ranar miƙa maƙala kowane marubuci zai rubuta abin da ya yi ya sa hannu, kuma kowa muna aika masa saƙo ta adireshinsa. In an zo ƙara suna daga baya, muna bin shawarar COPE, kwamitin ɗa'ar wallafa da editoci suka kafa a Birtaniya a 1997: a kawo dalili a rubuce, kuma duk marubutan su amince. Ƙaramin malami sai ya samu abin faɗa: "Wallahi Farfesa, mujallar ce ta hana." Wasu manyan kan haƙura da hakan. Wasu kuwa sai a janye maƙalar daga wajenmu, bayan 'yan watanni mu gan ta a wata mujallar da sunaye shida.