Wasiƙa daga Ohayo: masu haɗa wa tsohuwar bindigar soja harsashi da hannunsu

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki. Ina gaishe ku daga jihar Ohayo ta Amurka, da fatan iyali duk suna lafiya.

Na san a halin da muke ciki a gida, wanda ya ɗauko zancen harsashi sai a yi masa kallon mara tausayi. Ku yi haƙuri da ni. Akwai wata al'ada a nan da mutum ba ya ganinta a labaran talabijin, kuma na ga ya dace ku ji yadda take. Dubban mutane ne, yawancinsu dattawa, suke tsince kwanson harsashin da suka harba a filin gasa, su kai shi gida, su sake mayar da shi harsashi. Dokar tarayya ba ta neman lasisi ga wanda zai yi don amfanin kansa. Wanda zai yi don sayarwa ne sai ya samu lasisi.

Bindigar da suka fi ji da ita ana kiranta M1 Garand. Wani injiniya haifaffen Kanada, John Garand, shi ya ƙera ta a ma'aikatar makamai ta Springfield, sojan Amurka suka karɓe ta a 1936, suka yi Yaƙin Duniya na Biyu da yaƙin Koriya da ita. An ƙera fiye da miliyan biyar. Tana cin harsashi takwas, kuma ita ke ɗura wa kanta na gaba, amma kowane jan kunama harsashi ɗaya ne ke fita. Idan na takwas ya tashi, sai ɗan ƙarfen da ke riƙe su ya yi tsalle waje da wata ƙara, "kil!", wadda tsofaffin nan ke so kamar me. Har yau akwai wata hukuma mai suna Civilian Marksmanship Program da ke sayar wa 'yan ƙasa waɗanda suka cika sharuɗɗa ragowar waɗannan bindigogi. Kowace shekara a lokacin zafi ana taruwa a sansanin Camp Perry da ke nan Ohayo, bakin tafkin Iri, inda ake gasar harbi ta ƙasa tun 1907, kuma akwai gasa ta musamman ta masu Garand, ana auna allo daga nisan yadi 200.

To me ya sa ba za su shiga kanti su sayi harsashi su huta ba? Wasu don sauƙin kuɗi ne, ko da yake maƙwabcina, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin kanikanci, ya ce wannan zance ne kawai da ake faɗa wa uwargida: abin da ka rage a kan harsashi ɗaya sai ka kashe shi wajen ƙara yawan harbi. Babban dalilin shi ne bindigar tana da tsirfa. Ƙarfin hayaƙin albarushi ne ke tura wani dogon sandan ƙarfe baya, shi kuma ya buɗe ta, ya fitar da kwanso, ya ɗauko sabon harsashi. An tsara wannan sanda ne daidai da albarushin soja na wancan zamani. Harsasan farauta na yanzu, ko da girmansu ɗaya ne, wasunsu na da albarushi mai ci a hankali, sai hayaƙin ya iso da ƙarfin da ya wuce kima, ya lanƙwasa sandan. Ga shi kuma kayan gyaranta na asali kullum ƙara tsada suke.

Dattijon ya bar ni na tsaya a garejinsa ina kallo. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne rashin hayaniya. Ya kashe rediyo, ya ce mini, "Abokina, idan hannuna yana kan sikeli, kada ka yi mini magana." Gwangwanin albarushi ɗaya tak ke kan teburin, sauran suna kulle a kabad, don kada a yi kuskuren haɗa iri biyu. Sikelinsa na auna abin da suke kira giren, wanda sai an tara 7,000 ake samun laba ɗaya, kuma shi har kashi ɗaya cikin goma na giren yake dubawa. Kowane kwanso sai ya ɗaga shi sama kusa da fitila, ya juya, ya shafa gindinsa da yatsa. Ɗaya ya gani da wani siririn layi mai haske kusa da gindi, ya murƙushe shi da filaya, ya jefa a bokitin tarkace ba tare da wani dogon tunani ba. Ya ce tagulla tana gajiya, kuma irin wannan bindiga tana fizgar kwanso da ƙarfi, don haka ba ya daɗewa kamar na bindigar da ake buɗewa da hannu.

Abin da suka fi tsoro shi ne harsashi ya tashi da kansa lokacin da bindigar ke rufewa, kafin ta kulle sosai. Allurar da ke bugun gindin harsashi a Garand tana yawo ne ba tare da abin da ke riƙe ta ba, saboda haka ɗan maɓallin da ke tayar da wuta a gindin harsashin, idan bai zauna daidai ba, ƙaramin taɓi ya ishe shi. Fuskar mai harbi kuwa tana nan dab da wurin. Shi ya sa ba wanda ke ƙirƙiro ma'auni daga kansa. Littattafan kamfanoni irin su Hornady da Lyman ake bi, waɗanda aka gwada da na'urar auna matsi, kuma kowa na da littafin da yake rubuta abin da ya yi da kwanan wata. Ni dai a ganina aikin ya fi kama da na mai haɗa magani a kemis. Kamfanonin bindiga da yawa ma sukan ce ba ruwansu da garanti idan aka yi amfani da harsashin ɗurin gida.

Ina kallonsa ina tuna maharbanmu da adaka, waɗanda ke ɗura albarushi ta baki, su danna da sanda, ma'auninsu ido da tafin hannu. Su ma suna da gwanintarsu, amma duk wanda ya tashi a karkara ya ji labarin wanda bindigar toka ta fashe a hannunsa. Kuma kada wani ya ɗauka abin da ya halatta a Ohayo ya halatta a Kano. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta hana mallakar harsashi ba tare da izini ba, kuma ƙera makaman soja aikin hukumar gwamnati ne mai suna DICON da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1964.

Ba na ɗauke wa Amurkawa laifin yadda bindiga ta cika musu gida. A 2020, lokacin korona, sun yi rububin sayen makamai har kantuna suka ƙafe, masu ɗuri suka yi watanni suna neman ɗan maɓallin nan ba su samu ba, farashinsa ya ninka. Dattijon ya ce a lokacin ne ya ga matasan da ba su taɓa riƙe sikeli ba suna sayen injin ɗuri, kuma tun lokacin ya daina karɓar harsashin da wani ya ɗura, ko da kyauta ne.

A gaida mutanen gida. Sai kun sake ji daga gare ni.

Naku,
Ɗan'uwanku a Ohayo