Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Hannun da Na Dunƙule a Gaban Daron Baiko

Makon jiya na tsaya a safiyar da muka iske ƙofar masaƙa da kwaɗo, ga takarda liƙe a bangon ɗakin maigadi. Na so yau in wuce kai tsaye zuwa yadda na fara acaɓa, amma tun daren Laraba maganar marigayi Baba ta hana ni sakat, sai ku yi haƙuri da ni.

"Bakin da Allah ya tsaga, ba ya hana shi abinci." Wannan ce maganar Baba. Ya faɗe ta a farin 1973, lokacin ina ɗan shekara 11, muna ƙauyenmu na ƙasar Malumfashi, yana aikin bishara ana biyansa da damman dawa, shekarar kuwa babu dawar. Ya sake faɗa mini ita a tasha a 1985, ranar da zan taho Kaduna neman aiki. Muddin albashi na shigowa, ni ma na riƙa faɗa wa mutane ita da baki cike. Sai da aka rufe masaƙa a 2003 na san maganar tana da nauyi.

Yaran yanzu ba su san Kakuri, unguwar masaƙun Kaduna, ba. Tun da aka buɗe masaƙar farko a 1957, zamanin Sardauna, har zuwa mutuwar masaƙun, unguwar nan ba ta barci. In jiniya ta yi kuka lokacin canjin aiki, kekuna ne za su cika titi har mota ta rasa hanya, ga masu tuwo da masu shayi jere a bakin kowace ƙofa. Shekara 18 na yi a sashen saƙa, ina iya gane injin da zarensa ya tsinke da kunne kawai. Daga 2002 zuwa 2007 masaƙun suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Watannin farko kullum sai mun taru a gindin mangwaron bakin ƙofa muna jiran labarin kuɗin sallama, muna gardamar abin da ya kashe mu. Wani ya ce rashin wutar lantarki ne, wani ya ce tsadar baƙin man da ake hura tukunyar tururi da shi, wani ya ce manoman Funtuwa da Gusau sun rage noman auduga. Amma kowa ya yarda da abu guda: atamfar Sin da ake shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya, daga Kwatano ta bi ta Maraɗi ta faɗo kasuwanninmu, da zanen da aka kwaikwaya daga namu, a farashin da ba za mu iya ba. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

A gida, matata Maman Ladi ta fara suyar ƙosai a bakin layinmu na Sabon Tasha. Mace ce da ba ta taɓa zama bakin titi ba. Ƙarfe 4 na asuba za ta tashi surfen wake, ni kuma in ɗauki Littafi Mai Tsarki na Baba, tsohon bugun nan da bangonsa ya cire har aka ɗinke shi da zaren buhu, in nufi addu'ar safe a coci. Mu ba mu fi goma ba da ke zuwa, rabinmu tsofaffin ma'aikatan masaƙa. Tun ina yaro nake haddar addu'ar Ubangiji, amma a wannan shekarar ce na fara jin wurin roƙon abincin yini a cikin cikina. In muka iso wurin, muryoyin maza sai su yi ƙasa. Kowa ya san abin da ya baro a gida.

Zumuntar mata ba zan manta da su ba. Wata Alhamis suka zo da ɗaurin zanensu iri ɗaya, kowace da mudun masara a leda, suka juye a babban kwanon Maman Ladi, suka yi waƙa biyu suka tafi. Ba wadda ta tambaye ni ina na nema ina ban nema ba.

Wanda ya tambaya shi ne wani dattijon cocinmu. Ba zan kira sunansa ba, 'ya'yansa na nan. A taron zumuntar maza na ɗaga hannu karo na uku ina roƙon a sa ni a addu'a. Sai ya gyara tabarau, ya buɗe 2 Tasalonikawa 3:10, ya karanta da ƙarfi, ya rufe, ya ce, "Ɗan'uwa, wanda ba ya aiki kada ya ci. Ka kuma binciki kanka, wani lokaci akwai abin da ke toshe wa mutum hanya." Ɗakin ya yi tsit. Fasto ya yi sauri ya ɗauko waƙa.

Na dawo gida na kunna fitilar ƙwai na duba ayar da idona. Manzo Bulus yana magana ne a kan wanda ya ƙi yin aiki. Ya ƙi. Ni da takalmina ya huje saboda zagayen kamfanonin Kudenda da na hanyar Kachia da takardu a hannu, ni ne na ƙi aiki? Abin da ya fi ci mini rai kuwa, dattijon nan shagon atamfa gare shi a babbar kasuwa, kuma duk wanda ya yi aikin masaƙa yana taɓa ƙyallen shagonsa zai san daga ina ya fito. Abin da ya rufe mana ƙofa, shi ya yi masa bene. Shekaru bayan haka, da ciwo ya kwantar da shi, na je gaishe shi tare da dattawa, har aka ce ni zan yi addu'a, na kuwa yi da zuciya ɗaya. Amma ƙarya zan yi in na ce na manta yadda ya rufe Littafin nan a gabana. Na yafe, ina kuma sake yafewa duk sa'ad da abin ya taso.

Baba da ya ji labarin a wasiƙa, amsa ɗaya ya aiko da ita ta hannun Kawu, da ƙullin kuka da daddawa: bakin da Allah ya tsaga. Ranar na ji haushin maganar, ban ɓoye muku ba.

Sai ga godiyar kaka ta Nuwamba. Kun san yadda muke yi: 'yan Sabon Rai na kaɗa ganga da tulu, ana fita layi layi ana rawa zuwa gaba, masu doya na ɗauke da doya, masu kaji da kaji, sauran kowa ya jefa nasa a daro. Aljihuna babu ko sisi. Naira 20 ɗin da ta rage na raba wa yara don su sami abin jefawa. Zama a benci kuwa, alhali layinmu ya tashi, daidai yake da shela. Sai na miƙe na dunƙule hannun dama kamar mai riƙe da kuɗi, na bi layi ina taka rawa. Da na iso daron na cusa hannun can ƙasa cikin takardun kuɗin mutane, na buɗe shi, na zaro. Har yau ina jin sanyin ƙarfen daron a yatsuna.

Ladi na bayana, tana 'yar shekara 9. A hanyar gida ta kama hannun nan nawa, ta buɗe shi tana dubawa, ta ce, "Baba, ban ga abin da ka sa ba." Na ce mata ta yi sauri rana na yi.

Daren nan ban yi addu'ar da aka koya mini ba. Na jira kowa ya yi barci, na shimfiɗa tabarma a bayan ɗaki kusa da murhun ƙosai, na durƙusa. Na ce, "Ubangiji, na yi maka ƙarya a cikin gidanka, ka gafarta mini. Amma bakuna shida ne a ɗakin nan, ba ni na tsaga su ba, kai ne. Baba ya ce ba ka hana su abinci. Ko dai Baba bai faɗi daidai ba, ko kuma ka nuna mini inda abincin yake." Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko a ranar jana'izar Inna. Ban ji murya ba, ban ga wahayi ba. Sauro ne ya kore ni ciki. Da safe na faɗa wa Maman Ladi abin da na yi a gaban daro. Ba ta ce komai ba, sai ranar Lahadi ta gaba na iske naira 10 a ninke cikin Littafin Baba, tana ƙanshin man gyaɗa. Haka ta yi ta yi kowane mako.

Aka yi mako uku babu abin da ya canja. Saura kwana kaɗan Kirsimeti, wajen la'asar, yara suka ce ana sallama. Na fito sai ga Malam, abokin aikina na sashen saƙa, wanda injinsa ke kusa da nawa shekara 11. Tun rikicin addini na 2000, ballantana na Nuwamban 2002, mutanen Tudun Wada ba su cika ƙetaro gada zuwa wajenmu ba, mu ma ba ma zuwa. Ya zo da tiya biyu ta shinkafa ɗaure a bayan wani babur Jincheng. Bayan mun gaisa ya sha ruwa, ya ce babur ɗin na ƙanensa ne da ya koma Kano, shi kuma idonsa ba ya ba shi damar tuƙi sosai. In zan iya, in riƙa aiki da shi a ɓangarenmu, in kawo abin da ya sawwaƙa duk Juma'a.

Ni da nake shugaban layi a masaƙa, da yara takwas a ƙarƙashina, in hau acaɓa a gaban dattijon nan? Na ce wa Malam zan yi shawara. Ya yi murmushi ya ajiye makullin a kan tabarma, ya tafi neman motar Kasuwa. Kwana tara babur ɗin nan ya yi jingine a zaure, lulluɓe da tsohon zanen Maman Ladi. Abin da ya sa na yaye zanen a rana ta goma, sai mako mai zuwa in Ubangiji ya bar mu.