Tsohuwar motar gudu: abin da ake fara gyarawa kafin a ƙara mata wuta

Duk saurayin da ya shigo gareji a Maraɗi da tsohuwar BMW ko Golf GTI, maganarsa ɗaya ce: "Maigida, a ƙara mata wuta." Amma abin da aiki ya koya mana shi ne, ba rashin ƙarfi ke kashe mota a filin tsere ba, zafi ne. Zafin birki, zafin ruwa, zafin baƙin mai. Ga kuma ranar Afrilu da Mayu, wadda ke haura digiri 40.

Tun wurin ciniki ake tsira ko a faɗa rami. Motar da ta taso daga Kwatano ko Lome, kada a yarda da lambar kilomitarta, ana juya ta. A je da safe a tashe ta inji na da sanyi, a dubi hayaƙi: shuɗi, tana cin baƙin mai ke nan, fari mai kauri da ba ya yankewa, ruwa na shiga silinda. A auna matsin kowace silinda, in bambancin ya wuce kashi 10 cikin ɗari, a haƙura da ita komai kyan fentinta.

BMW E46 kuwa, wadda ta fara shiga kasuwa a 1998, tana da ciwo biyu sanannu. A ɗaga ta a haska fitila inda ƙarfen ƙafafun baya ya ɗauru da gangar mota, nan take tsagewa. Walda ake yi da faranti na ƙarfafawa, ba shafa fenti ba. Na biyu, tankin ruwanta na roba ne, yakan fashe in ya tsufa. Shi da famfon ruwa da tiyo da lagireto a sauya su rana ɗaya. Masu cire tamostat, mai daidaita zafin ruwan inji, wai don ƙasarmu da zafi, cutar injin kawai suke yi.

Birki shi ya fi damuna. Man birki yana shan danshi, kuma nau'in DOT 4 da ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 yana sabo, in ya jiƙa yakan sauko wajen 155. Bayan zagaye uku ko huɗu sai ya tafasa, direba ya taka ya ji ƙafarsa ta nutse har ƙasa, motar ba ta tsaya ba. A zubar da tsohon duka, lita 1 takan isa, a fitar da iska daga tayar da ta fi nisa da direba zuwa ta kusa. Kada a kuskura a haɗa shi da DOT 5, ba jinsinsu ɗaya ba. Sannan a sa takalmin birki mai jure zafi.

Buɗaɗɗiyar matatar iska mai ƙara gurnani ba ta garinmu ba ce, ƙurar hunturu za ta cinye zoben fistin. Fetur na kwalba a bakin hanya ma haka, inji mai matsi sosai ba ya yafe shi.

Taya kuma a karanta lambobi huɗu na gefenta: 2319 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Wadda ta haura shekara 6 ta bushe, ko da zanenta na nan. Matsin iska yana ƙaruwa in taya ta ɗau zafi, don haka a sake aunawa da zarar an fito daga zagaye. Gwajin gudu a keɓaɓɓen fili za a yi shi, da hular kwano da bel, ba kan hanyar Ɗan Isa ba inda amalanke da 'yan kabu-kabu ke ƙetarawa.