Godiya bayan dawowar yaronmu gida

Alhamdu lillahi. Yau kwana 3 ke nan da Allah ya dawo mana da yaronmu bayan ya ɓace, kuma sai yanzu na samu natsuwar rubuta wannan godiya a madadina da mahaifiyarsa, wadda har yanzu ba ta iya runtsawa sai hannunta yana kan ƙafarsa. Waɗanda suka bibiyi cigiyar sun san yadda aka yi tun daga la'asar ɗin Talata har zuwa hantsin Alhamis, don haka ba zan maimaita ba.

A al'adarmu ta Kano, idan an tsinci yaro akan tambaye shi sunansa da na mahaifinsa da unguwarsu, sannan a kai shi gidan mai unguwa ko ofishin Hisbah. Wannan tsari ya haɗa dubban yara da iyayensu, amma an gina shi ne a kan yaron da zai buɗe baki. Namu shekararsa 8, yana da lalurar galahanga, wadda ake kira autism da Turanci, ba ya magana kuma ba ya waiwayowa idan an kira sunansa. Cigiyar farko da na kai gidan rediyo ta ƙare ne a kan launin rigarsa da tsayinsa, kamar ta kowane yaro.

Matan zauren WhatsApp na iyayen yara irin namu su ne suka gyara mini ita. Dole in faɗi gaskiya, a da ina yi wa zauren nan kallon wurin hira, wanda ba a jin ɗuriyarsa sai ranar 2 ga Afrilu, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware don wayar da kai kan wannan lalura. Shugabarsu ta kira ni bayan isha'i ta ce, "Baban yaro, a ƙara cewa ba ya magana, kada a riƙe shi da ƙarfi, kuma yana son abu mai juyawa. Amma kafin komai ku fara duba ruwa." Iyayen da suka daɗe da irin waɗannan yara sun san ruwa yana jan yaran, kuma yaran ba su san haɗarinsa ba. Ga shi muna tsakiyar damina, kududdufai duk sun cika.

Ba na jin zan manta tsayuwar da na yi a bakin kududdufin bayan layinmu da misalin ƙarfe 2 na dare, samarin unguwa suna haska fitilar waya a kan ruwan, ɗaya daga cikinsu yana taɓa ƙasa da dogon gora. Duk lokacin da goran ya ci karo da wani abu sai ƙafafuna su saki. A wannan daren mazajen matan zauren su 4 suka zo, mutanen da ban taɓa gani ba, suka tsaya tare da ni har aka kira assalatu.

Na san Baba mai gyaran keke na Bachirawa ba zai so a ambace shi ba, amma ya yi mini haƙuri. Da ya ga yaro ya tsuguna yana kallon tayar da yake ɗaure wa waya, ya tambaye shi suna har sau 3 bai samu amsa ba, sai ya kama hannunsa zai kai shi gidan mai unguwa. Yaron ya ƙwala ihu ya ciji bayan hannunsa. Dattijon nan sai ya sake shi, ya kifa wani tsohon keke, ya riƙa juya masa taya, ya tura yaron shagonsa ya kai rahoto. Ya saya masa gurasa, ya shimfiɗa masa tabarma a rumfar, shi kuma ya kwana a zaune a bakin ƙofa. Da muka iso na rasa abin faɗa, sai ya ce, "Malam, ai da na ji rediyo ta ce abu mai juyawa na san naka ne." Allah ya saka masa da Aljanna Firdausi, ya jiƙan mahaifansa, ya sa zuriyarsa su samu mai tsaya musu a ranar da ba ya nan.

Ina godiya ga mai unguwarmu da takwaransa na Bachirawa, da limamin masallacinmu da ya riƙa sanarwa bayan kowace salla, da 'yan adaidaita sahun da suka manna hotonsa, da malamar da ke koya masa nuni da hotuna, wadda ta baro gidanta da goyo. Ƙanwata ta riƙe mana gida da sauran yara. Allah ya biya kowa da mafificin alheri, ya raba ku da ganin irin wannan rana, ya shirya muku 'ya'yanku, ya ba duk iyayen da ke renon irin waɗannan yara juriya da mataimaka.

Akwai 'yan uwa na jini da suka daɗe suna cewa iska ce, a kulle shi a ɗaki, kuma a kwana biyun nan ko sallamarsu ba mu ji ba sai saƙon "ai mun faɗa". Na bar su da Allah, zumunci kuma yana nan.

Mahaifiyarsa ta ɗinka lambar wayata a wuyan dukkan rigunansa, kamar yadda matan zauren suka koya mata, ni kuma na sa an ɗaga sakatar ƙofar gida inda hannunsa ba zai kai ba. Jiya na koma Bachirawa da ɗan abin da ya sawwaƙa, Baba ya ƙi karɓa, sai ma ya ba ni tsohuwar tayar keken ya ce in kai wa abokinsa. Na kafa ta a tsakar gida kusa da randa, kuma tun safe yana wurin.