Zanen Ƙarshen Zamani da Tambayar da Wani Malami Ya Yi Mini

Na shiga aikin bishara a tsakanin Musulmi a ƙarshen shekarun 1980, ina saurayi, riƙe da Littafi Mai Tsarki a hannu ɗaya da wata doguwar takarda mai zane a ɗaya hannun. A kan takardar an jera al'amuran ƙarshen zamani bi da bi, tun daga zamanin ikilisiya, zuwa fyaucewar masu bi, wato ɗauke su sama farat ɗaya, zuwa shekara bakwai na babban tsanani, da yaƙin Armagedon, da mulkin shekara dubu, har zuwa farin kursiyin shari'a, kuma a ƙarƙashin kowane al'amari an rubuta ayoyinsa daga Daniyel da Ezekiyel da Wahayin Yahaya. A makarantar Littafi Mai Tsarki aka koya mana shi, na kuwa karɓe shi kamar manzanni ne suka zana da hannunsu. Sai da na daɗe a cikin aiki sannan na san cewa wannan tsari ya bazu ne ta koyarwar wani mai wa'azi John Nelson Darby, wanda ya rasu a 1882, da kuma bayanan da wani fasto mai suna Scofield ya buga a gefen Littafi Mai Tsarki a 1909, wato ikilisiya ta yi ƙarnuka masu yawa tana jiran Ubangijinta ba tare da wannan zane ba.

Abu biyu ne suka sa ƙafata ba ta zama wuri ɗaya a lokacin. Na farko shi ne Matiyu 24:14, inda Yesu ya ce za a yi shelar bisharar Mulki ga dukan al'ummai, sa'an nan ƙarshe ya zo. A wajen 1990 aka fara maganar tagar 10/40, wato yankin duniya da ke tsakanin digiri 10 da digiri 40 arewa da tsakiyar duniya, daga yammacin Afirka zuwa gabashin Asiya, inda mafi yawan Musulmi suke zaune, kuma ƙungiyoyin mishan da dama suka ɗaura ɗamarar kai bishara ga kowace kabila kafin shekarar 2000. Na biyu shi ne lissafin nan da aka gina a kan misalin itacen ɓaure na Matiyu 24:32-34, cewa kafuwar ƙasar Isra'ila a 1948 ita ce tohowar ɓauren, kuma tsarar da ta ga haka ba za ta shuɗe ba sai Almasihu ya dawo. Ina ƙaunar mutanen da aka aike ni wurinsu, wannan ba zan musa ba. Amma a can cikin zuciyata ina kallonsu kamar sakata ce da ta tokare ƙofar dawowar Ubangiji, wadda dole a yi sauri a zare.

A watan Janairu na 1991 yaƙi ya ɓarke a Iraƙi. Kowa ya ji labarin cewa Saddam Husaini yana sake gina kangon Babila, har ana buga sunansa a jikin tubala kamar yadda Nebukadnezzar ya yi, saboda haka ban yi wata-wata ba na buɗe Wahayin Yahaya sura 17 da 18, inda aka yi maganar faɗuwar Babila, na soma wa'azi cewa abin da aka faɗa ya iso. Akwai wani saurayi ɗan gidan Musulmi da yake zuwa wurina da dare muna karatu, mai hankali da natsuwa, wanda ya yi wata da watanni yana tambayoyi a kan gafarar zunubi. Maimakon in bar shi ya ci gaba da tafiyarsa a hankali, sai na matsa masa, na ce ƙofa tana gab da rufuwa, idan aka fyauce masu bi zai rage cikin tsanani. Ya durƙusa ya yi addu'ar tuba jikinsa yana rawa. Kafin watan Fabrairu ya ƙare an tsagaita wuta, duniya ta ci gaba da harkokinta, shi kuma ya rage zuwa, har ya daina. Da na same shi daga baya, cikin ladabi ya ce mini, tunda abin da na tabbatar masa a kan Babila bai faru ba, da me zai gane cewa abin da na faɗa masa a kan gicciye gaskiya ne? Har yau wannan tambaya tana ci mini rai, domin ni ne na ɗaura maganar da ba ta canjawa a jikin maganar da na ƙaga, da ɗaya ta faɗi sai ta ja ɗayar.

Duk da haka ban ajiye zanen ba, sai da na haɗu da wani dattijon malami wanda ya yarda in riƙa zama wurinsa bayan ya sallami ɗalibansa. Wata rana na shimfiɗa masa takardar a gabansa, na danne gefunanta don kada iska ta naɗe ta, na bi ta da yatsa daga farko har ƙarshe. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama, sai ya gyara tabaransa, ya sunkuya a kan takardar ya ce, "Ɗana, na ga inda Yahudawa suke, na kuma ga inda ku kuke. Nuna mini inda ni da iyalina muke." Na ce, "Allah gafarta Malam," sai magana ta maƙale mini a wuya, domin wuri ɗaya ne kawai Musulmi suka fito a takardar, wato cikin rundunar Gog da Magog ta Ezekiyel 38 da 39, wadda za a hallaka a kan duwatsun Isra'ila. Ya lura da inda idona ya tsaya, ya karanta abin da aka rubuta a wurin, ya ɗago ya ce, "Ashe duk zaman nan da kake yi da ni, da mayaƙin Yajuju da Majuju kake zama." Bai yi fushi ba, kuma rashin fushin nasa ya fi zagi zafi a wurina. Na naɗe takardar, ban sake buɗe ta a gaban kowa ba.

Daga ranar na koma ɗalibi. Na roƙe shi ya koya mini abin da su suke tsammani game da ƙarshen duniya, sai na tarar da ilimi mai faɗi wanda na yi shekaru ina wa'azi a gefensa ban san da shi ba. Ya karanta mini labarin Yajuju da Majuju a Suratul Kahfi da Suratul Anbiya. Ya bayyana mini fitowar Dujal da fitinarsa, da yadda hadisi ya ce Annabi Isa zai sauko kusa da farar hasumiya a gabashin Dimashƙu, ya bi Dujal ya kashe shi a ƙofar Ludd, garin da muke karantawa da sunan Lidda a Ayyukan Manzanni sura 9, inda Bitrus ya warkar da shanyayye. Ya nuna mini aya ta 61 a Suratuz Zukhruf, wadda malaman tafsiri da yawa suke fassarawa da cewa Isa alama ce ta tashin ƙiyama. Na fita daga wurinsa ina mamakin yadda addinai biyu mafiya yawan mabiya a duniya suke jiran saukowar mutum ɗaya, ni kuwa na zo ina shelar dawowarsa kamar ina kawo labarin da ba a taɓa ji ba.

Wannan ya tura ni karatun tarihi, inda na ga cewa kuskurena tsoho ne. Yahaya mutumin Dimashƙu, malamin ikilisiya na ƙarni na 8, ya kira Musulunci mai share fagen magabcin Almasihu. A 1213 Fafaroma Innocent na Uku, yana kiran mutane zuwa yaƙin 'yan gicciye, ya ɗauki 666, lambar dabbar nan ta Wahayin Yahaya, a matsayin adadin shekarun da Musulunci zai yi, ya ce kusan 600 sun riga sun wuce. Martin Luther, jagoran gyaran ikilisiya, a zamanin da Turkawa suka kewaye birnin Biyana a 1529, ya ga su a cikin annabcin Daniyel da na Gog. Kowace tsara ta ɗauki wanda take tsoro ta saka shi a cikin ayar, kuma kowace tsara ta wuce lissafinta bai cika ba. Haka masu sa rana: mabiyan wani mai wa'azi William Miller sun kwana jira ranar 22 ga Oktoba 1844, wasu sun tsayar da 1988, mai wa'azin rediyo Harold Camping ya cika allunan talla da 21 ga Mayu 2011. Abin da ya fi taɓa ni a cikin wannan tarihi shi ne cewa a 1219, shekara shida kacal bayan wasiƙar Fafaroman, wani mai wa'azi Faransis na Asisi ya ƙetare fagen fama a Damiyetta ta ƙasar Masar, ba makami, ya je ya yi magana da Sarki al-Kamil fuska da fuska, aka karɓe shi, aka sallame shi lafiya.

Da na koma ga Littafin da sabon ido, sai na ga ayoyin da zanen ya tsallake. Mala'ikan Ubangiji ya sami Hajara a jeji, ita ce kuma ta kira Allah da sunan Mai ganina a Farawa sura 16. A Farawa 17:20 Allah ya ce ya ji roƙon Ibrahim saboda Isma'ilu, zai sa masa albarka, ya maishe shi babbar al'umma. Ishaya 60:7 ya ga garkunan Kedar da ragunan Nebayot, sunayen 'ya'yan Isma'ilu ke nan, an karɓe su a bagaden Ubangiji, kuma Ishaya 19 ya rufe da albarka a kan Masar da Assuriya tare da Isra'ila. Wahayin Yahaya 7:9 ya nuna taron da ba mai iya ƙirgawa daga kowace al'umma da kabila da harshe a gaban kursiyin. Da a ce na san waɗannan a ranar da malamin ya tambaye ni, da nan zan kai yatsana in ce, "Baba, ga wurin da aka gayyace ka."

Ba na so wani ya ɗauka cewa na kammala da ganin duk tafiyar ɗaya ce, domin malamin kansa ba zai yarda da hakan ba. Shi ne ya karanta mini hadisin da ya ce idan Isa ya sauko zai karya gicciye, ya kuma karanta mini Suratun Nisa'i aya ta 157, wadda ta ce ba su kashe shi ba, ba su gicciye shi ba. Ni kuma na buɗe masa Wahayin Yahaya sura 5, inda wanda ya cancanci buɗe littafin nan mai hatimi bakwai shi ne Ɗan Rago mai kamar an yanka shi, da sura 1 aya 7, inda kowane ido zai gan shi har da waɗanda suka soke shi. A nan hanyoyinmu suka rabu, kuma a nan ne ya kamata tun farko in tsayar da maganata. Shekarun da na ɓata ina gardama a kan wace ƙasa ce Magog, da wane shugaba ne dabbar nan, sun janye hankalin masu saurarona daga tambaya ɗaya da Kirista yake da abin faɗa a kanta: wanda muke jira ɗin nan, ya mutu domin zunubanmu ya tashi, ko kuwa bai mutu ba? Na lura cewa Musulmi mai ilimi ya fi girmama wanda ya faɗi wannan bambanci a fili cikin ladabi, a kan wanda yake kwana-kwana yana nuna kamar babu shi.

Game da tsarin al'amuran kuwa, na koyi sassauta riƙo. Akwai masu bi na ƙwarai da suke sa ran fyaucewa kafin tsanani, akwai masu cewa bayansa, akwai kuma waɗanda, tun daga Agustin, malamin ikilisiya na dā, suke ɗaukar shekara dubun nan a matsayin zamanin ikilisiya da muke ciki. Dukansu sun haɗu a kan abin da Ƙa'idar Bangaskiya ta Manzanni ta faɗa, cewa zai dawo ya yi wa masu rai da matattu shari'a. Wannan nake wa'azi yanzu da dukan ƙarfina. Ranar kuwa, Yesu ya ce ba wanda ya san ta, ko mala'iku, kuma da almajirai suka tambaye shi lokaci a Ayyukan Manzanni 1:7, ya ce sanin lokatai ba nasu ba ne, ya ba su aikin shaida a maimakon haka. Malamin ya yi murmushi da na karanta masa wannan, ya ce su ma a wurinsu sanin Sa'a na Allah ne shi kaɗai.

Har gaggawar ma ta canja kama a zuciyata. A 2 Bitrus 3:9 an ce abin da muke gani kamar jinkiri haƙurin Ubangiji ne, domin ba ya so kowa ya hallaka. Idan Mai girbin da kansa yana haƙuri saboda waɗannan mutane, ba daidai ba ne ɗan ƙwadago ya tsinke 'ya'yan itace ɗanye don ya cika kwando kafin magariba, kamar yadda na yi da saurayin nan. Ɗan mishan Samuel Zwemer ya tafi ƙasar Larabawa a 1890, ya yi aiki a Basra da Baharain, ya binne 'ya'yansa mata biyu a Baharain a 1904, kuma waɗanda suka gaskata ta hannunsa kaɗan ne ƙwarai, amma ya zauna kan aikin har tsufansa, ya koyi harshen mutanen da littattafansu sosai. Matasan da nake horarwa a yau, kafin in bar su su buɗe baki a kan Dujal ko magabcin Almasihu, sai sun zauna gaban wani malami sun saurari abin da ya gaskata daga bakinsa, kuma ina haramta musu haɗa labarin rediyo da aya a kan mumbari.

Na yi shekara goma sha ɗaya ina zuwa wurin dattijon nan. Bai taɓa ce mini ya karɓi abin da na gaskata ba, ni ma ban taɓa ɓoye masa cewa ina roƙon Allah ya karɓa ba, kuma yakan ce shi ma yana yi mini addu'ar shiriya. Da ya rasu na je gaisuwa, na zauna cikin ɗalibansa. Bayan 'yan makonni babban ɗansa ya zo ya dawo mini da Sabon Alkawarin da na ba mahaifinsa aro, gefen shafukan cike da ƙananan rubuce-rubucensa na ajami, wasu tambayoyi ne, wasu kuma raddi. Ya ce yana so mu bi su ɗaya bayan ɗaya, shi ya kawo nasa littattafan, ni in kawo nawa. Mun soma daga Luka sura 23, labarin gicciye Yesu, inda rubutun ya fi yawa.