Cinikin biri a sama: abin da na kwaso daga aikin gidauniya

Ranar Juma'ar da ta wuce na miƙa makullin ofis da littafin nan mai baƙin bango da duk wanda ya yi aiki da ni ya sani. Shekara uku na yi ina wakiltar kwamitin gidauniyar jami'armu a shiyyar Zariya da Kaduna. Abokan aiki sun san jami'ar, ba sai na kama suna ba. Ta Katolika ce, ba a Zariya take ba, kuma an buɗe gidauniyar ne albarkacin bikin zagayowar shekarar kafuwarta. Abu biyu aka buga a katin gayyata: tallafin karatu ga 'ya'yan marasa ƙarfi, da gyaran harabar makaranta. A katin, tallafin ne a sama.

Masu cewa me jami'ar kuɗi za ta yi da roƙo ba su san cikin gidan ba. Jami'a mai zaman kanta ba ta da rabo a TETFund, wadda ke gina wa jami'o'in gwamnati ɗakunan karatu da ɗakunan gwaje-gwaje. Ko lamunin ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024, ɗaliban makarantun gwamnati ya shafa. Mu duk bulon da aka ɗora, ko daga kuɗin makaranta ya fito ko daga aljihun jama'a. Don haka ban taɓa jin kunyar yawo da ambulan ba, har yau kuma ba na ji.

An yi ƙaddamarwar shiyyarmu a ƙarshen 2022, kuma lokacin ya yi mana daɗi har ya ruɗe mu. Yajin aikin ASUU ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wanda ke Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) take, a lokacin ya ga yadda gari ya yi tsit, masu abinci da masu fotokwafi na zaune suna korar ƙuda. Iyaye sun gaji, kowa na neman inda ɗansa zai shiga ya fita a kan lokaci. Ga kuma zaɓen 2023 ya ƙarato, 'yan siyasa ba sa ƙin gayyata. Zaure ya cika, babban mai ƙaddamarwa ya zo da ayarin motoci, mai gabatarwa na kiran miliyoyi kamar yana kiran sunayen 'yan aji. Duk wanda ya kama lasifika ya faɗi nasa, a tafa, mata su yi guɗa. Ni ina gefe da baƙin littafina ina rubutawa, hannuna har yana ciwo. Da dare na tara jimla na aika wa Darakta, ya kira ni da kansa ya ce, "Malam, ka fitar da mu kunya."

A satin ne na tafka kuskuren da ya sa nake wannan rubutu.

Akwai wata mata a Sabon Gari, 'yar Zumuntar Mata ta coci, mai ƙosai a bakin layinmu. Mijinta ya rasu, 'yarta ta fari ce ta fi kowa maki a cikin yaran da muka yi wa jarrabawar tantancewa. Sunanta na cikin jerin da kwamiti ya amince da shi da baki, saura takarda. Ni kuwa zumuɗi ya hana ni jira. Da safe na tsaya a gaban kaskonta na ce, "Mama, ki gode wa Allah, yarinya ta samu. Kuɗin makaranta da ɗakin kwana, duka." Ta saki matsamin ƙosai cikin mai, ta durƙusa a nan kan ƙasa tana sa mini albarka, ƙosan da ke wuta ya ƙone ba ta ma kula ba. Ta tambaye ni sau biyu, "Ɗana, ka tabbata?" Sau biyu na ce na tabbata. Da shekarar shiga ta zo, yarinyar ta je ta canza zaɓinta a JAMB, ta cire Jami'ar Ahmadu Bello ta sa tamu. Makinta kuwa da ya kai ta ABU, tana kwana a gida tana hawa bas zuwa Samaru.

Daga nan abubuwa suka fara warwarewa. Farkon 2023 aka shiga ƙarancin takardun naira, baikon coci ya ragu, ambulan da muka raba suka riƙa dawowa da ɗari biyu, wasu babu komai sai addu'a a rubuce. Aka yi zaɓe. Waɗanda suka faɗi suka daina ɗaga waya, waɗanda suka ci suka samu masu ɗaga musu. Wani Honarabul na yi masa sintiri har mai gadinsa ya fara ajiye mini benci. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, naira ta zube, buhun siminti ya yi ta hawa har ya haura dubu goma a farkon 2024. Ɗan kwangilar da ke aikin sabuwar ƙofar shiga da zauren taro ya ce ko a ƙara ko ya kwashe ma'aikatansa, ga ranar biki an riga an sanar, an gayyaci manyan baƙi.

A nan na fahimci wani abu da ya kamata in sani tun ranar farko. Manyan da suka cika alkawari, kusan dukkansu sun ɗaure kuɗinsu da gini, domin gini ana manna masa allo da suna. Kuɗin tallafin karatu kuwa daga ƙananan hannuwa ya taru: matan zumunta, katikis-katikis na ƙauye, tsofaffin ɗalibai masu tura dubu biyar a ƙarshen wata, har da wani Alhaji mai shagon taya da ya ce shi dai yaro ya yi karatu, ba ruwansa da wace makaranta ce. Kuma duka a asusu ɗaya ake zubawa. Da gini ya nemi ƙari, sai aka ɗiba daga inda babu mai ƙarfin yin magana. Aka ce rance ne, za a mayar. Aka rage jerin yaran da fiye da rabi, aka fifita waɗanda sun riga sun shiga makaranta. Yarinyar mai ƙosai ta faɗo.

Na shiga ofishin Darakta na ce, "Yallaɓai, na riga na gaya wa uwarta." Bai ɗago daga fayil ɗin da yake dubawa ba. "Wa ya aike ka? Akwai takarda?" Babu takarda. Bayan kwana biyu takarda ta zo, amma ta tuhuma ce, wai na yi alkawari da sunan jami'a ba da izini ba. Shi da ya karanta jimlar littafina a gaban Bishop da 'yan jarida a matsayin kuɗin da aka tara, ba wanda ya tuhume shi. Laifi tudu ne. Nawa dai na amsa shi a rubuce, kuma ban yi ƙarya a ciki ba.

Zuwa gaya wa Mama ya fi takardar tuhumar ciwo. Kwana uku ina zagaye layin ta baya. Da na je, ta saurare ni har na gama, ta ce, "Ba komai, ɗana, haka Allah ya so," ta juya ta ci gaba da tsame ƙosai. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Yarinyar ta yi asarar shekara guda. Ni na saya mata fom ɗin JAMB na gaba daga albashina, matan zumunta suka haɗa na rajista, yanzu tana ABU. Ba ina faɗa don a yaba ba ne, bashi na rage.

Sauran abin da na koya ba su da tsawo. Alkawarin lasifika a rubuta shi da fensir, sai alat ya shigo a bi da biro. Ɗan siyasa a karɓi nasa kafin zaɓe. Mai ba da dubu biyu a rubuta masa rasit a kira shi a gode, shi ne zai sake bayarwa baɗi. Kar a sa ranar buɗe gini kafin a ga rufi. Maganar Oga ta waya a bi ta da saƙo a rubuce, ko da zai ji haushi.

Abu ɗaya na tsaya a kai har aka gaji da ni: a raba asusun tallafin karatu da na gini, kuma kada a taɓa na tallafin sai da sa hannun mutum uku, ciki har da wakiliyar iyaye. Zaman kwamiti huɗu ana ture maganar. Wata Sista ce mai kula da lissafi ta mara mini baya, ta ajiye takardun banki a gaban Fada shugaban kwamiti, ta ce a nuna mata ranar da aka mayar da rancen. Aka yi shiru. An raba asusun a bara. A rahoton shekara an rubuta cewa shawarar ofishin Darakta ce. Na karanta na rufe.

Ƙofar ta yi kyau, ba zan hana ta ba. Akwai allon dutse a jikinta da sunayen manyan masu bayarwa, har da na Honarabul ɗin da na san bencinsa, wanda kashi ɗaya cikin huɗu na alkawarinsa ya biya. Na bar wa wanda zai gaje ni littafin, na ja layi da jan biro a ƙarƙashin duk sunan da har yanzu muke bi, shafi goma sha ɗaya.

Har gobe a wurin Mama nake sayen ƙosai, muna gaisawa lafiya lau, ina tambayar karatun yarinya tana cewa da godiya. Da can in na miƙa kuɗi sai ta ture hannuna ta ce, "Haba ɗana." Yanzu tana karɓa, ta ƙirga, ta ba ni canji.